Wa Ya Ciyar Da Ku?

Ranar da zan yi wa 'yan gudun hijira jawabi a Anka, babbar rigata ta sha sitaci. Na yi ta zuba kan imani da shugabanci, har na caccaki 'yan daudu, wai ba su taɓa tsinana wa garin komai ba. Sannan na daki ƙirji, ina jiran sunana: "Wa ya ciyar da ku ranar da kuka iso?"

Wata tsohuwa 'yar Bukkuyum ta miƙe. "Sale ɗan daudu, mai tuwon tasha. A rumfarshi muka kwana. Kai ko, Alhaji, ƙyaure ka rufe muna."

Har yau in na gifta tasha, 'yan kabu-kabu sai sun ɗaga murya: "Alhaji, wa ya ciyar da mu?"