Rasuwar Ƙato, Littafin Kimiyyar Aji Uku

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, mai rubutun allunan shaguna na bakin kasuwa yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar littafin kimiyya mai manyan baƙaƙe, wanda 'yan aji uku ke kira Ƙato. Ya rasu yana da wata huɗu kacal, saura mako uku jarrabawa.

An haife shi a kan bencin shago, tsakanin gwangwanayen fenti. Autar mai rubutun ba ta ganin ƙananan baƙaƙe. Sai ta manna hanci a takarda har ido ya kawo ruwa, ta tashi da ciwon kai. Uban ya taka ofis uku yana neman littafin da za ta iya karantawa, ko'ina aka ce ana nan ana dubawa. Da ya ga zaman jiran gawon shanu yake yi, ya ari littafin malamar kimiyya ya hau kwafa, kowane harafi kamar ɗan yatsa. Mutumin da bai taɓa zama ajin kimiyya ba, sau huɗu yana zana zuciyar ɗan Adam, don malamar ta ce jijiyar ta ɓullo ta gefen da ba nata ba. Wata tara ya yi yana wannan aiki, tsakanin allon mai aski da na mai gyaran waya.

Marigayi mai haƙuri ne. Bai taɓa tambayar yarinya ko makauniya ce ba, bai taɓa gajiya da a maimaita layi ba. Da safe a ji dim! an sauke shi a tebur, sai faf, faf, ana buɗe shafi. A jikinsa Auta ta fara ganin cewa ganye ma yana da ƙofofin numfashi, ta dawo gida ta hana kakarta sakat da labarin.

Jinya ta fara ne ranar da aka ce masu duba makarantu na tafe. Mataimakin shugaban makaranta ya ce Ƙato ba shi da hatimi, kuma yana ɓata tsarin kantar littattafai. Ya sa aka kai shi sito, inda kowa ya san rufin yana yoyo. Baƙi suka zo, suka yaba tsafta, suka tafi. Mataimakin ma ya tafi taron bita na kwana goma sha biyu, makullin sito na aljihunsa. Malamar ta roƙi a fasa kwaɗon, aka ce mata dukiyar makaranta ce. Kwaɗo dukiya ne. Idon 'ya'yan mutane kuwa, ko oho.

Da aka buɗe, ruwa ya ci rabi, gara ta ci kusan duk saura. Auta ta ɗauki shafi guda ta kai shi dab da fuskarta, ta ga baƙaƙen sun narke sun zama hayaƙi. Ba ta yi kuka ba, zama ta yi a ƙasa, don ta zaci idon ne ya ƙarasa tafiya. Wannan zaman shi ne abin da uban ba zai yafe ba.

Marigayi ya bar Auta, da ɗan mai faci da suke karatu kafaɗa da kafaɗa, da 'yar mai wanki ta aji biyu wadda ke jiran gadonsa. Ya kuma bar shafi goma sha ɗaya da suka tsira. Littattafai masu hatimi suna nan lafiya lau a kanta, babu mai iya karanta su cikin yaran nan uku.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a ƙofar shago. Daga nan za a zauna karɓar gaisuwa a kan benci, kuma zaman aiki ne: shafi ɗari biyu da arba'in ake nema kafin jarrabawa. Mai zuwa ya taho da farar takarda da alƙalami mai kaurin baki. Malamar za ta raba babi, Auta ce za ta duba, abin da ba ta gani ba a sake. An aika wa mataimakin shugaba goron gayyata. In zai zo da "sai haƙuri", ya ajiye ta a tsallaken titi, ya shigo da hannunsa na dama.