Baristan Ƙofar Galadima Ya Sayi Gida

Duk wanda ya ce birnin Zazzau ba shi da masanin doka, to bai taɓa bi ta Ƙofar Galadima da hantsi ba. Can zai iske Malam Labaran a gindin darbejiya, ya ɗora baƙar kwat a kan babbar riga, gumi na tsiyaya, shi kuwa ko a jikinsa. Mutanen unguwa suna kiransa Barista. Masu hassada kan ƙara da "na Bakin Ƙofa", wai don duk shekarun da ya yi a kotu a bakin ƙofa ya yi su, yana masinja, yana kiran masu ƙara. Wannan ƙyashi ne kawai. Shari'ar da alƙali ya ji sau ɗaya daga ciki, Barista ya ji ta daga waje, ya kuma sake jin sharhinta a teburin mai shayi. Ka ga ke nan ya fi alƙalin karatu.

Da ya yi ritaya, a zamanin mulkin soja, sai ya sayi tsohuwar tafireta, injin buga takardu, ya buɗe ofis a kan benci. Fanninsa cinikin gida. Kuma Allah ya hore masa baiwar da ba kowane lauya ke da ita ba: ba a taɓa yi masa tambaya ya ce bai sani ba.

Wani ya zo yana so ya ji ko dole ne sai duk magada sun yarda kafin a sayar da gidan gado. Barista ya lumshe ido, ya ce maganar tana da fuska uku. Har aka kira azahar bai gama shimfiɗar fuska ta farko ba, mutumin ya tashi yana godiya, kansa na juyawa. Wani kuma ya tambaya, in ka sayi gida da mangwaro a ciki, reshensa ya leƙa gidan maƙwabci, na wane ne? Nan take aka yanke hukunci: tushe na mai saye ne, inuwa ta maƙwabci, 'ya'ya kuwa a kawo wa lauya ya adana har a gama bincike.

"Gida," in ji Barista, yana kaɗa yatsa, "akodin tu lo, wato bisa doka, ba laka ba ce, ba azara ba ce. Gida hujja ne. Jahili yana duba katanga, mu muna duba ƙa'ida."

Abu ɗaya ne dai masu hassada suka riƙe, kuma abin takaici gaskiya ne. Wannan gwarzo da ya raba wa rabin birni shawarar sayen gida, shi haya yake yi. Mai gidan kuwa ya ce zai rushe ɗakunan ya yi na siminti, su tashi kafin damina ta sauka. Matarsa Asma'u, da 'ya'yansu mata uku, kullum idonsu na kan gabas suna duban hadari. Hankalin matar ya tashi ƙwarai, don ba ta da inda za ta kai yaran.

Ana cikin haka sai ga Yari, wani direban tifa da ya gaji sashe a cikin babban gidansu, yana so ya sayar ya koma Kaduna. Gidan na ƙarƙashin Malam Jibril ne, yayan mahaifin Yari, dattijo mai karatu, wanda matansa da surukansa suka cika ciki. Ranar da Yari ya kai Barista dubawa, matan gidan duk sun tafi biki Tudun Wada. Suka wuce zaure, suka wuce shigifa, suka ratsa tsakar gida mai turame da zannuwa a kan igiya, sannan suka iso sashen can ƙurya. Barista ya auna ɗakuna da tef, ya ƙirga azara, ya ƙwanƙwasa bango ya kasa kunne kamar likita. Zannuwan nan kuwa bai tambayi masu su ba, don ba su cikin ƙa'ida.

Da ya koma gida yana ba da labari, Asma'u ta tambaye shi ta ina za su riƙa shiga. Ya dube ta da tausayi, ya ce ta ƙofa mana, ya kuma roƙe ta ta daina sa baki a maganar shari'a.

Ranar ƙulla ciniki a gaban mai unguwa, Barista ya zo da shaidu har sai da tabarma ta yi kaɗan, don a ganinsa shaida biyu na talakawa ne. Ana shirin sa hannu, Malam Jibril ya gyara murya, ya ce akwai wata 'yar magana. Barista ya ɗaga hannu. Maganar rabon gado ce? A'a, an raba tuni. Ta iyaka ce? A'a. Akwai wanda ke jayayya? Babu.

"To, obijekshin oba rul, an kori maganar," in ji Barista. "Malam, a bar wa kowa fanninsa."

Aka sa hannu. Mai unguwa ya dubi rufin soro na ɗan lokaci, sannan ya buga hatimi.

Ranar tarewa amalanke ta tsaya a ƙofar gida, gado da kwanuka a ciki, tafireta a can sama kamar amarya. Masu turi suka sauke kaya a zaure suka ja baya, matan gida suka riƙa kwasa suna shigarwa. Asma'u da yaran suka yi sallama suka shige, aka tarbe su da guɗa. Barista ya gyara kwat, ya ɗaga ƙafa zai bi su.

"Malam Labaran," in ji Malam Jibril daga kan buzunsa, "sashe naka ne, babu mai ja da kai. Amma gidan nan akwai matan aure, kuma tun kakanninmu baƙon namiji ba ya wuce zauren nan. Abin da na so in faɗa maka ke nan rannan."

Barista ya yi jawabin da har yau ake tunawa da shi a unguwar. Ya ambaci dokar filaye, ya ambaci Ingila, ya ce a duk tarihin shari'a ba a taɓa kiran mutum baƙo a gidansa ba. Malam Jibril ya saurara har ƙarshe, ya ce madalla, sannan ya sa aka kawo wa Barista ruwa.

Sai Barista ya ce zai fasa bango ya yi tasa ƙofar. Aka zaga da shi ya gani: bayan sashen bangon masallaci ne, gefe ɗaya ɗakin surukar Malam Jibril, ɗaya gefen gidan wani maƙwabci. Ya ce to zai kafa tsani ya riƙa bi ta kan soro. Maƙwabta suka ce duk namijin da ya hau soron nan ya ga tsakar gidaje huɗu, kuma suna da sanduna. Ya nemi Yari, aka ce tifa ta daɗe da kama hanyar Kaduna. Ya ɗauki jaka ya nufi kotu. Yana isa bakin ƙofa, sabon masinja ya gaishe shi da ladabi, ya tambaye shi wa zai kai ƙara, kuma a kan me. Barista ya duba mutanen da ke kan benci, rabinsu ya taɓa ba su shawara. Ya ce gaisuwa kawai ya zo.

Malam Jibril mutumin kirki ne, ya ba shi kusurwa a zaure da tabarma. Barista ya sanar da jama'a cewa da gangan ya matso da ofis kusa da kadararsa, don ya riƙa sa mata ido.

Da ruwan farko ya sauka, zauren ya fara ɗiga daidai kan tafireta. Yana ta jan tabarma daga nan zuwa can, sai ga Sailuba, tsohuwar ƙanwar Malam Jibril, ta fito da kwanon tuwo da bargo. Ta ce Asma'u na gaishe shi, ta ce a gaya masa ya iya zaɓe: gidan ba ya yoyo ko kaɗan, yara sun sake, har sun yi wa ɗakinsa na maigida sabon daɓe. Allah ya sa wata rana ya gani.