Yadda Aka Cinye Hulata a Darasin Tarihi

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da shekarar da naira ta fito ba, ina sabon malami a wata firamare kusa da Gafasa. Aka ce sufeto zai zo daga Gaya, kuma rahotonsa ne zai sa a tura ni kwas ko a bar ni ina shaƙar alli. Na ce bari in nuna masa basira (a lokacin ina ganin ina da ita).

Darasin kuɗin mutanen da ne, zamanin daular Mali da ayarin raƙuma. Maimakon rubutu a allo, sai na mayar da aji kasuwa. Na raba wa yara wuri a matsayin canji, ƙyallen saƙi kuɗi matsakaici, babban kuɗi kuwa kantun gishiri ne da na aro wurin Arɗo.

Abin da ban tuna ba, wasa ɗaya yaran nan suka taɓa gani ana yi da wuri: cacar bayan rumfar mahauta ranar kasuwa. Na leƙa ofis ɗauko rajista. Kafin in dawo sun yi da'ira suna watsa wuri, kuma Talatu, wadda ko biyu sau tara ba ta iya ba, ta cinye ajin kaf har da kantun, ta zauna a kai.

Na ce, "Ke, ba ni gishirin mutane!"

"Malam, kai ka ce a dokar wasa ba ƙwace. Sai dai ka zuba."

Da mai hankali ne, tsawa zai daka mata. Ni sai na tsuguna. Zubin farko hulata ta tafi, na biyu takalmana. Ina cikin hura wuri a tafin hannu, ina cewa "yau sai na rama", na ji aji ya yi tsit. Sufeto ne a ƙofa, hedimasta a bayansa.

"Malam, wane darasi ne wannan?"

"Tarihi ne, ranka ya daɗe."

Talatu, da hulata bisa ɗankwalinta, ta dube shi sama da ƙasa. "Ranka ya daɗe, za ka zuba? Agogon nan ya isa."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Kwas dai wani aka tura, ni kuwa takardar gargaɗi na samu.

Tun daga ranar na gane, tarihin kuɗi a allo ake koyar da shi, malami yana tsaye, hularsa a kansa.