Masu Ɗaga Hannun Hagu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da dabarata ta kwance mini zani a kasuwa. Lokacin ina koyon aikin koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a Kiru, aka ce gobe malamar kwalejinmu za ta zo ta ga yadda nake darasi. In ta kayar da ni, sai na maimaita zangon gaba ɗaya.

Darasin kuwa lissafi ne irin wanda ɓangare ɗaya ya fi ɗaya girma, kamar −2x > 6. In ka raba da lamba mai alamar ɗebewa, dole ka juya bakin alamar, ka samu x < −3, sannan ka rubuta amsar cikin baka biyu: (−∞, −3). Na yi bayani har muryata ta dishe, yaran nan suna kallona kamar ina yaren Sin.

Sai na ƙulla da su: gobe in na yi tambaya kowa ta ɗaga hannu, wadda ta sani dama, wadda ba ta sani ba hagu. (Har yaba wa kaina na yi a hanyar gida, wallahi.)

Washegari malamar kwalejin ta zo ta zauna a baya. Na rubuta tambaya, hannuwa suka tashi reras, ta gyaɗa kai. Abin da ban lissafa ba, fuskantarsu nake yi, damansu yana haguna. Ga tsoro ya cika ni. Na kira Hansatu ina zaton dama ta ɗaga, ta fito tana jan ƙafa, ta raba, ta bar alamar yadda take. Na kira Ladidi ta gyara. Baiwar Allah ta dubi alamar rashin iyaka, wato ∞, da ke cikin misalina, ta goge ta, ta rubuta 8. Wai ta ga takwas ta kwanta ne, shi ne ta tayar da ita.

Na nuna ta uku, sai ta miƙe cikin ladabi ta ce, "Malama, ai hagu na ɗaga. Ke kika ce wadda ba ta sani ba ta ɗaga hagu."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Malamar ba ta yi faɗa ba, tambaya kawai ta yi, su wa suka ɗaga dama. Mutum biyu ne.

Na maimaita zangon kuwa. Tun daga ranar na gane ha'inci ma sai wanda ya san damansa da hagunsa. Irina gara kawai mu tsaya mu koyar da yara.