Motar da ta daina ƙorafi

Ku ji ta wani direban haya mai lodin Kano zuwa Kaduna. Ya tayar da mota da safe, sai ga fitilun gaban sitiyari duk sun kama, ja da ruwan ɗorawa, kamar gidan biki. Motar nan kuwa ita ce cinsa, ita ce shansa. Ya garzaya wurin wani mai gyaran wayar mota, Tsalha, wanda ya rangaɗa "Injiniya" da fenti a jikin rumfarsa, alhali kayan aikinsa kaf filaya ce da salatif da haƙoran bakinsa. Gwajin Tsalha ɗaya ne a duniya: ya fere waya da haƙori, ya karta ta a jikin ƙarfe. In ta yi tartsatsi tana da rai, in ba ta yi ba, gawa ce. Ya kutsa ƙarƙashin sitiyari, ya zaƙulo wasu siraran wayoyi biyu a murɗe kamar kitso, su ne masu kai saƙo daga ƙwaƙwalwar mota zuwa idon direba. Ya karta, shiru. Ya ce, "Ga munafukan nan!" Ya datse su, ya naɗe da salatif. Fitilu suka ɗauke ɗif, har allurar zafin inji ta kwanta. Direba ya yi lodi yana ta sa albarka. A hanya ruwan lagireto ya tsiyaye, ba abin da ya gaya masa. Kafin Kwanar Dangora inji ya buga, fasinjoji suka sauka suna ja masa Allah ya isa. Da igiya aka jawo motar har ƙofar rumfar Tsalha.

Direba ya ce, "Injiniya, ga aikinka na dawo maka da shi."

Tsalha ko tashi daga benci bai yi ba, yana sakace. Ya ce, "Dakata, direba, kar ka ɓata min suna a gaban jama'a. Da me ka zo min?"

"Da fitilu."

"Tunda ka bar nan, ko ɗaya ta sake kamawa?"

"Ko ɗaya."

Tsalha ya juya wajen 'yan kallo ya baje hannuwa. "To kun ji da kunnenku! Mota ta zo tana ƙorafi, na taɓa ta, ta yi shiru. In ba warkewa ba, mene ne wannan?"

Direba ya dubi motarsa, ya dubi Tsalha, ya ce, "Gaskiyarka, Injiniya. Kakana ma tun ranar da muka kai shi maƙabarta bai ƙara tari ba."