Benci Arba'in na Shugaba Sha-Tafi

A gyara zama, jama'a, mai tari ya haɗiye abinsa. Yau zan gabatar muku da Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukumarmu, uban marayu, bangon gajiyayyu, hasken da ya sa muka daina tambayar lantarki. Mu 'yan bakin titi Sha-Tafi muke ce masa, don in ya wuni ba a tafa masa ba, da ciwon kai yake kwana.

Kada ku ɗauka daga sama ya faɗo. Bawan Allahn nan ya sha wuya. Da ɗaukar batirin lasifika ya fara siyasa, yana bin motar 'yan takara a guje. Daga batir aka ƙara masa girma ya koma riƙe lema. Daga lema sai kansila, daga kansila sai kujerar nan mai juyawa, wadda sai ya zagaya a kanta sau biyu kafin ya amsa sallama. Ni da na ajiye biro a aji biyu na sakandare, duk sanda na gan shi sai hankalina ya kwanta. Ashe ba ni na yi asara ba, masu digiri ne.

Ga shi da tausayi. Da ya ga janaretan asibiti yana shan rana, sai ya kai shi gidansa ya ajiye a inuwa. Ga zumunci: kakansa ya rasu shekara goma sha ɗaya ke nan, amma har yau shi ne maigadin ɗakin magani, kuma ba a taɓa kama shi ya makara ba. An ba kura ajiyar nama, ta kuwa adana shi inda ɓarawo ba ya kaiwa.

Amma aikin da za a tuna shi da shi, benci ne. A takarda, makarantu tara kowace ta samu sabon benci arba'in, irin mai haɗe da tebur da ɗan aljihun ajiye littafi. Kwangilar ƙanin matarsa aka ba, mutumin da bai san gaban guduma da bayanta ba. A ƙasa kuwa, benci arba'in ne kacal da babbar mota guda. In baƙi za su zo duba aiki, sai a jera su a makarantar farko. Baƙi su gani su yaba. Sai a fito da kowa fili, Sha-Tafi ya karɓi lasifika, ya fara daga ranar da aka haife shi. Kafin ya kai shekarar da ya zama kansila, an zare benci ta ƙofar baya, mota ta bi hanyar bayan kasuwa, an jera su a makaranta ta gaba. Benci arba'in ɗin nan sun fi ni zuwa makaranta.

Bana sai ya hango kujerar majalisa. Jam'iyya ta ce babu tikiti sai mai binciken ayyuka ta sa hannu a rahotonsa. Aka turo wata mata gajera mai takalmi shafaffe, da fayil a hammata, fuskarta kamar an hana ta gado. Ambulan ɗin da aka ajiye mata a kujerar mota ta miƙa wa direba, ta ce wani ya manta wasiƙarsa.

To, ana saura kwana uku ta zo, wata tankar ruwa ta yi rashin kunya ta wuce ayarin Mai Girma a titi. Ya tara masu kula da hanya, ya kumbura.

"Shugabanci ba wasan yara ba ne. Daga yau, in motata ta fito, a rufe kowace hanya, babba da ƙarama. Taya ɗaya kada ta juya sai na wuce. Wanda ya saɓa, ya ajiye hula."

Shugabansu, wanda muke kira Mai Usur, mutum ne da in ka ce masa ya tsare ƙofa, ko gidan na ci da wuta ba zai buɗe ba.

Ranar ta zo. A makarantar farko matar ta ƙirga benci, ta zauna a kan ɗaya ta yi 'yan rubuce-rubucenta. Aka fito fili. Sha-Tafi ya yi jawabi har yara biyu suka zube saboda rana, ya ce daɗin maganarsa ne. Can bayan kasuwa kuwa, Mai Usur ya gitta sanda a gaban babbar mota, ƙanin matar Shugaba ya leƙo yana zufa.

"Kai, ka san kayan wane ne wannan?"

"Ko na wane ne, yallaɓai. An ce taya kada ta juya."

"Mijin yayata ne fa ya kafa dokar."

"To ka ga kai ya fi kamata ka bi ta."

Ƙanin matar ya kira waya ya kira, Mai Girma na kan labarin yadda ya riƙe lema a ruwan sama. Ba a ɗaga sanda ba sai da ayari ya wuce da jiniyarsa. Motar benci ta bi wutsiyarsu tana tari.

A makaranta ta biyu matar ta tsaya a ƙofar aji. Yara sittin a ƙasa, kowa da littafi a cinya. Hedimasta ya duƙa yana ɗaure igiyar takalmin da ba shi da igiya. Ana cikin haka sai ga mota ta shigo fili, benci a kife ƙafafu sama.

Da wani ne, da sai ya nemi ƙasa ta tsage. Sha-Tafi kuwa gwano ne, ba ya jin warin jikinsa. Ya gyara hula, ya miƙa hannu aka sa masa lasifika.

"Baƙuwarmu mai daraja, gani ya kori ji. Da gangan na shirya a kawo waɗannan a gabanki, sababbi fil daga hannun kafinta, ko ƙuda bai taɓa sauka a kansu ba. Wasu shugabanni alkawari suke yi. Ni aiki nake saukewa. Tarihi zai rubuta cewa a zamanina ɗan talaka ya tashi daga ƙasa."

'Yan tafi suka tafa. Ya miƙa mata bironsa mai ruwan zinare, ya nuna mata gurbin sa hannu da ɗan yatsa. Ba ta karɓa ba. Ta rufe fayil ɗinta, ta kare rana da shi, ta ɗaga kai tana duban motar.

"In ka gama, ka ce su sauko mini da wancan na gefe. Na manta tabarauna a aljihunsa."