Na Danna "Raba", Na Kusa Raba Aurena

Ba zan taɓa mantawa ba da wannan 'yar ƙarar, ƙil, kamar an taɓa kofi da cokali. Ina ɗauke yatsana daga kan gilashin wayar sai ga koren rubutu: "An raba wa mutum uku." Sunaye suka jeru a ƙasa. Binta daga Makarfi, Iliya daga Gubuchi, sai na ukun, Sadi daga Kudan. Yau mako uku ke nan, amma ko wayar wani ce ta yi irin ƙarar sai na zabura.

Bari in koma baya kaɗan, don kada ku ce aljanu ne suka taɓa ni.

Wasu mutane ne suka zo Ikara daga Kaduna da wata manhaja da suke haɗawa, wadda za ta sa mawaƙa su yi waƙa tare ba sai sun haɗu ba. Mai kiɗa ya ɗora kiɗansa yana garinsu, mai waƙa ya ɗora murya daga nasa garin, 'yan amshi su biyo baya, babu mai hawa mota zuwa situdiyo a Zariya. Kafin su sake ta ga jama'a, suna son ganin yadda irinmu za mu yi da ita. Ƙawata mai aiki a shagon kwamfuta ta ba da sunana, wai ni ke jan waƙa in ana biki a unguwarmu. (Gaskiya ne, amma waƙar tsakar gida ce, mata zalla, da ƙwarya da ludayi.)

Na tafi da sabon hijabi da biro biyu. Wadda ta karɓe ni a ɗakin bayan shagon, Anti Hauwa, ɗaya daga cikin mutanen Kadunan, ta miƙo mini wata faffaɗar waya da iyafis na maƙalawa a kunne, ta ce, "Ba ke muke jarrabawa ba, manhajar muke jarrabawa. In kin rikice laifinta ne. Duk abin da ya zo miki a rai ki faɗa a fili."

Na ce to. Amma tun muna sakandare na san duk jarrabawar da malami ya ce ba jarrabawa ba ce, ita ke kayar da mutum.

Anti Hauwa tana da wata ɗabi'a, ba ta amsa tambaya. In na ce, "Anti, wannan jan maɓallin na mene ne?" sai ta yi murmushi ta ce, "Ke a ganinki na mene ne?" Kowace amsa na bayar sai ta rubuta a littafi. Ko tsaki na yi sai ta rubuta. Ta sa na saurari wani kiɗa, na ɗora murya a kai, na yi wata waƙar makaranta cikin sanyin murya kamar mai roƙon gishiri. Ana haka aka kira ta a waya, ta ce, "Ki yi ta wasa da ita, yanzu zan dawo."

Kiɗan nan kuwa kalangu ne, mai ratsa jiki. Ni kuma akwai wata magana da ta yi wata biyu tana cin raina.

An sa mini rana da wani mutumin Kudan. (Ba zan faɗi sunansa ba, shi ma ya sha tasa kunyar.) Mahaifiyarsa, Hajiya, ta taɓa biyowa ta gidanmu daga wata barka, Inna ta sa na tuƙa tuwo. Hajiya ta gutsura, ta murza a yatsa, ta ɗanɗana miyar, sannan ta dubi Inna ta ce, "Ba laifi. Ai da sauran lokaci kafin biki." Shi ke nan abin da ta ce. Amma ni tun ranar nake jera mata baitoci a zuci in ina wanke-wanke. Ga kalangu a kunne, ga ɗaki ba kowa, sai na danna jan maɓalli na saki murya:

"Hajiya mai awon tuwo da yatsa,
Da sauran lokaci,
Ta shinshina miya ta karkata hanci,
Da sauran lokaci,
Alƙalin gudaji, ba a ɗaukaka ƙara,
Da sauran lokaci."

Har baiti biyar na yi. Na saurara, wallahi ta yi daɗi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Sai na ji takun Anti Hauwa a waje, na ce bari in goge. A kan gilashin muryata da kiɗan suna kwance layi biyu, ɗaya bisa ɗaya, kamar an ɗinke su. Na yi lissafi irin na mai ilimi: in na goge haka, zan haɗa da kiɗan mutane. Sai dai in fara raba muryar da kiɗan tukuna. Ina dubawa kuwa ga maɓalli an rubuta masa "Raba".

Ni a Hausar da na tashi da ita, raba shi ne raba faɗa, raba tsaki da tsakuwa, raba ɗan maraƙi da uwarsa. Na manta shaf da rabon goro da alewa ranar suna.

To, Sadi na Kudan da na sani ƙanin wanda zan aura ne. Yana da shagon tura waƙoƙi a waya, yana haɗa kiɗa, yana da lasifikar da ake ji tun daga bakin titi, kuma maganar da ta shiga kunnensa ba ta kwana.

Anti Hauwa ta shigo, na ce, "Anti, ta tafi?"

Ta leƙa gilashin, idonta ya yi haske kamar ta tsinci wani abu. Ta ɗauki biro ta ce, "Ke a ganinki me ya faru?"

Ban tsaya gani ba. Na ji tana kira na, "Tsaya mana, ƙanwata," amma ni na riga na kai titi. Biro biyun ma can na bar su.

Dabarata ita ce in riga Sadi buɗe saƙon, in roƙe shi, in ya ƙi in jefa wayarsa a rijiya. Motar Makarfi ta maƙale a bayan wata babbar mota mai lodin rake, muna tafiya kamar masu rakiyar amarya. Wata baƙuwar lamba ta yi ta kira na, na ƙi ɗauka, don na tabbata mutanen Kudan ne suka fara. Kafin mu kai Makarfi na riga na ga yadda za a fasa auren, na ga fuskar Baba, na ji 'yan acaɓa suna bin amshin waƙata a tasha. Daga can na hau babur zuwa Kudan. Shagon Sadi a kulle. Mai shayin kusa da shi ya ce, "Yanzun nan ya yi gida da sauri, ya ce akwai abin da zai kai wa Hajiya."

Kun san budurwar da aka sa wa rana ba ta taka gidan surukai, ko hanyar ma kewaye ta take yi. Ni na yi sallama na shiga da ƙafafuna, hijabi duk jirwayen gumi.

Hajiya na kan tabarma tana yanka kuɓewa. Sadi na gefe a kan turmi, waya a hannu, yana dariya. Na zube a ƙasa. Muka gaisa, ta tambayi Inna, ta tambayi Baba, ta tambayi gajiyar hanya da amfanin gona, ina amsa "lafiya lau". Da gaisuwa ta ƙare ta ce, "Lafiya dai, 'yar nan?"

Na ce, "Hajiya, don girman Allah ki yafe mini. Sharrin shaiɗan ne da kalangu. Ban yi waƙar don a ji ba."

Ta ajiye wuƙa. "Wace waƙa?"

Sadi ya ɗago kai. "Amaryarmu, ashe har waƙa ake yi ba a gaya wa masu sana'a ba?"

Na ɗauka gasa ni suke yi a hankali, don haka na ƙara zurmawa. Na ce wadda na yi a kan tuwo. Na ce ba da ita nake ba. Sannan na ce da ita nake, amma ba har zuci ba.

Hajiya ta dube ni ta ce, "To, tunda kin taso tun daga Ikara saboda ita, rera mu ji."

Babu yadda za a yi a ce wa suruka a'a. Na sunkuyar da kai na fara, kamar mai karanta wa kanta hukunci. Sadi, Allah ya shirye shi, ya jawo bokiti ya kifa ya shiga kiɗa. Ina kai wa baiti na uku, wurin alƙalin gudaji, numfashina ya ɗauke, na kasa yin amshi. Sai na ji Hajiya, ba ta ko ɗaga ido daga kuɓewarta ba, ta ce, "Da sauran lokaci."

Haka muka ƙarasa, ni waƙa, Sadi kiɗa, Hajiya amshi. Abin da mutanen Kaduna suke ta wahalar haɗawa ke nan, mu mun yi shi da bokiti.

Ana kiran la'asar wayata ta sake ƙara, lambar nan dai. Sadi ya ce, "Ɗauka mana, ƙila masu neman ki wasa ne." Na ɗauka.

"Ƙanwata, Hauwa ce. Tun ɗazu nake neman ki. Ki kwantar da hankalinki, babu inda waƙarki ta je. Manhajar gwaji ce, ko intanet ba a haɗa ta da shi ba, kuma na goge komai. Sunayen nan mu muka ƙirƙira su don abin ya yi kama da gaske. Babu wata Binta, babu wani Sadi."

Na dubi Sadin da babu, yana ɓare raken da ya kawo wa Hajiya.

Ta ba ni haƙuri sosai, ta ce da ta san tsoro ne ya kama ni da ba ta mayar mini da tambaya ba. Ta ce na taimake su ƙwarai, za su cire "Raba" su sa "Tura". Har ta fara cewa, "A lokacin da kika danna, ya kika ji a..." sai kuma ta yi shiru da kanta.

Hajiya ta sa aka ɗaure mini rake da kuɓewa in kai wa Inna. Ina sa takalmi ta ce, "Ki gaida mutanen gida, ki ce rana tana nan yadda aka sa ta. Muryar kam ta nuna. Tuwon ne dai da sauran lokaci."

Abin da na koya bai da yawa. Anti Hauwa ta yi gaskiya, ba ni aka jarraba ba, ni ce na bi jarrabawar har gida na ce sai an yi mini. Yanzu kafin in nemi gafara sai na fara tambaya a hankali ko an san laifin. In kuma habaici ya taso mini, tukunya nake rera wa, ina tuƙi ina murje gudaji.